Kafin a sake haƙa sabon bohol, a zo a ga waɗanda suka mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, don Allah ina neman ɗan fili a jaridar nan in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni mai gyaran fanfon tuƙa-tuƙa ne, sana'ata kenan fiye da shekara 15, daga baya na koyi ɗaura sumo, wato injin lantarkin da ake zurawa cikin bohol ya turo ruwa, da haɗa sola. Da babur ɗina da jakar sufanu nake zaga ƙauyukan kudancin Kano har bakin iyakar Kaduna, don haka abin da zan faɗa ba labarin ance-ance bane, da hannuna na taɓa.

A bazarar da ta wuce aka kira ni wani gari, bazan faɗi sunansa ba kar wani yaga kamar da shi nake. Bohol huɗu ne a garin nan. Ɗaya tsoho ne na gwamnati, ɗaya aikin mazaɓa ne na wani ɗan majalisa, ɗaya wani bawan Allah ne ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu sadaka, na huɗun mai sola ne da dogon tanki kana hango shi tun daga bakin titi. Cikin huɗun nan ɗaya tak ke kawo ruwa, shima sai an yi ta bugu kamar ana daka. Na isa wajen ƙarfe 10 na safe na tarar layin jarkoki ya zagaye masallaci, yara mata da suka fito tun asuba suna zaune a kan jarkokinsu, wasu da hijabin makaranta a jiki, yau ma ba karatu kenan, wanda ya gaji da jira kuma sai ya gangara rafi ya tona yashi ya kwarfo a inda shanu ke sha. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don alluna huɗu ne a tsaye kowanne da sunan wanda ya yi aikin, fentin wasu ko dusashewa bai yi ba.

Da muka zauna da dagaci da dattawa, roƙonsu shine in taimaka a rubuta takarda a nemo musu sabon bohol. Na ce ranka ya daɗe, in dai yadda aka yi waɗancan za'a yi shi, na biyar ɗin ma hanyar 'yan uwansa zai bi.

Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2017 kan ruwa da tsafta a Najeriya ya nuna sama da kashi 38 cikin 100 na wuraren ɗiban ruwan da aka gina basa aiki, kuma kusan kashi 30 cikin 100 tun a shekarar farko suke lalacewa. Wannan na biyun nake so a duba da kyau. Fanfo sabo dal baya tsufa a shekara ɗaya. Wanda ya mutu a shekarar farko toh da ciwonsa aka haife shi, kuma ciwon yana can ƙarƙashin ƙasa inda sufana bata kaiwa. Sau nawa nake ciro fayif gaba ɗaya in duba silinda, wato abin da ke can ƙasan fayif yana zuƙo ruwan, in ga komai lafiya lau, ramin ne ba ruwa ko yashi ya cike shi, sai mutanen gari su ce mai gyara bai iya ba, su kira wani shima ya karɓi nasa ya tafi.

Daga zaɓen wuri ake fara ɓata abin. Ƙasarmu ba iri ɗaya bace. Mu nan kudancin Kano da Kaduna da yawancin Katsina da Zamfara a kan dutse muke zaune, ruwa baya kwance ko'ina kamar tafki, yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin da ke cikin fa, shi yasa zaka haƙa nan ka samu ruwa sosai ka matsa taku 50 ka haƙa sai ƙura. Ka je Haɗeja ko Gumel, ko ka nausa Yobe da Borno, can yashi ne da laka hawa-hawa, ruwan na nan shimfiɗe sai dai a san zurfin da za'a je. Wajen Dukku da Kwami a Gombe kuma ruwan yayi nisa sosai. Toh ta yaya za'a zauna a ofis a rubuta kwangila ɗaya, kuɗi ɗaya, zurfi ɗaya, a ce a je a haƙa guda 50 a wurare daban-daban? Akwai masana ƙasa da ke zuwa da na'ura su kafa ƙarafa su tura lantarki cikin ƙasa su gano inda ake kyautata zaton ruwa, kuɗin awon bai taka kara ya karya ba in ka gwada da na haƙar, amma shi ake fara yankewa. Ko kuma a yi awon, mai awo ya nuna can bayan gari wajen fadama, sai wani mai faɗa a ji ya ce a'a a ƙofar gidana za'a yi. Na aikin mazaɓar nan haka aka yi shi, dattawan da bakinsu suka gaya min, wata 4 ya yi yana kawo ruwa, rani na shigowa ya ɗauke.

Sai kuma lokacin haƙar. Wanda ya haƙa a Agusta ko Satumba ruwa na kusa, in ba mai tsoron Allah bane da ya ga laka ta fara fitowa sai ya tsaya ya ce an samu, a yi kabbara a yi hoto, Afrilu na zuwa ruwan ya ja ƙasa ya bar silinda a rataye tana shan iska. Yadda ake biyan 'yan kwangila ma yana ƙara rura wannan, tunda kuɗin dunƙule ake basu, duk mitar da bai haƙa ba da fayif ɗin da bai saka ba riba ce a aljihunsa, in kuma bai samu ruwa ba ba'a biyansa ko sisi, don haka ko ɗan tsiyaye ya gani sai ya rantse ruwa ne. Bana cewa duk masu haƙa macuta ne, na yi aiki da na kirki da zasu faɗa maka gaskiya ko zasu yi asara, amma tsarin mai gaskiya yake cutarwa. A biya kowa gwargwadon abin da ya yi, mita nawa, fayif ɗin kesin nawa, siminti buhu nawa, kuma a samu masani wanda ba yaron ɗan kwangila bane ya tsaya a kan aikin da littafinsa a hannu tun daga farko har ƙarshe, don aikin da ake binnewa in ba'a gani lokacin da ake yi ba, ba mai sake ganinsa.

Bari in ɗan fayyace abin da ke cikin ramin don masu bada kuɗi su san me zasu tambaya. Bayan an haƙa ana zura kesin, wato fayif mai kauri da ke riƙe ramin kar ya rufta, daidai inda ruwa yake kuma a sa sikirin mai ƙananan tsagogi da kamfani ya yanka. Abin da wasu ke yi su sayo fayif mara kauri irin na ruwan wanke-wanke, su sa yaro ya tsattsaga shi da zarton ƙarfe, shikenan wai an yi sikirin. Tsagar tayi faɗi, yashi ya dinga shiga yana cinye robar silinda, in sumo ne ya kashe shi murus. A bayan sikirin tsakuwa wankakkiya mai girma ɗaya ake zubawa, ita ke tace ruwan, ba ɓaraguzan bakin hanya ba. Daga nan a sa kwamfaresa a yi ta hura ramin har ruwa ya fito garau, wannan yana cin awanni, dizal kuma da tsada, sai a yi minti 20 a naɗe. Sannan gwajin jan ruwa, inji ya yi ta ja na tsawon awanni ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa in an kashe, da wannan kaɗai ake sanin lita nawa ramin zai iya bayarwa a awa, da inda za'a rataye fanfo, da ko zai ɗauki sumo ko tuƙa-tuƙa ne daidai shi. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, tun 2010 akwai kundin ƙa'idar haƙa rijiyar burtsatse da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, ta fitar, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna tana horar da masu aikin. Amma duk shekarun nan, garuruwan da na tambaya ina takardar bohol ɗinku, zurfinsa nawa, sikirin na ina, aka ɗauko min, basu kai yatsun hannu ɗaya ba. Sai dai in ɗaura dutse a igiya in zura in auna da kaina.

Rashin wannan gwajin ne ya kashe mai solar garin nan. Ramin mai ɗan ruwa ne, aka ɗaura masa ƙaton sumo don tanki ya cika da sauri ranar buɗewa, sumo ya dinga zuƙe ruwan cikin mintuna yana juyawa a bushe, ba'a kuma sa masa 'yar na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ja baya ba, har ya ƙone. Da ya kwana biyu a mace, ba shinge ba mai gadi, ɓarayi suka zo da dare suka kwance faifan solar. Ni ina son sola ƙwarai, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagari talaka, kuma tsohuwa da mai ciki su murɗa kan fanfo kawai ya fi musu bugun tuƙa-tuƙa nesa ba kusa ba. Amma a daina gaya wa mutane sola kyauta ce har abada, rana ce kyauta, sumo da akwatin wuta da tanki duk suna da ranar mutuwa, kuma kuɗinsu ya ninka na tuƙa-tuƙa sau da yawa.

Wanda ya fi tayar min da hankali kuwa shine bohol mai kawo ruwa amma ruwan ne cutar. Mitocin sama na ramin, wajen 5 zuwa 6, ana cike bayan kesin da damammen siminti don kar ƙazantar gari ta bi jikin fayif ta gangara. Tunda ba mai gani, da yawa ƙasa kawai suke turawa su yi daɓe mai kyau a kai. Ƙa'ida kuma a nisanta bohol da masai ko sokawe aƙalla mita 30, amma shiga unguwanninmu na birni ka gani, ɗan fili, bohol a wannan kusurwa sokawe a waccan, na maƙwabci kuma katanga ce kawai tsakani, mutane na ganin ruwa fari tas sai su ce ai ruwan bohol ne. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan ta kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ban ce duk daga bohol bane, amma wanda ya taɓa ɗaukar ɗansa zuwa asibiti cikin dare yana amai da gudawa bazai raina 'yan buhunan simintin nan ba. A kuma kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha, akwai abin da ido baya gani harshe baya ji, kamar sinadarin fuloraid da ke ɓata haƙoran yara, an san shi wajen Kaltungo da Langtang.

Tsatsa ma na kashe da yawa. Irin tuƙa-tuƙan da ake kira India Mark II fanfo ne mai ƙarfi, amma in aka haɗa shi da fayif ɗin ƙarfe a inda ruwan ke cin ƙarfe, da safe ruwa ja zai dinga fitowa, mata su ce yana ɓata musu tuwo da wanki su guje shi, ƙarshe fayif ya huje ko ya tsinke ya faɗa rami. Maganin sananne ne, fayif ɗin roba mai kauri da rodin da baya tsatsa, wato sandar ƙarfen da ke haɗa hannun fanfo da silinda. Kuma shi India Mark II in robar silinda ta cinye sai an ciro fayif duka ɗaya bayan ɗaya kowanne mita 3 da ƙarti huɗu, alhali tuƙa-tuƙa irin Afridev mutum biyu zasu zaro rodi su canza roba su mayar, har mata na koya wa sun iya.

Toh yanzu in zo kanmu, don ba duka laifin gwamnati da 'yan kwangila bane. Ko an yi bohol yadda ya kamata, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, ɗaruruwan mutane na bugunsa kullum, dole roba ta cinye, boris ya mutu, sarƙa ta nemi giris. Amma me muke yi? Sai mu ce na gwamnati ne ko na Alhaji ne a jira shi ya zo. Hannu ya fara girgiɗi ba mai ɗaure noti, yara na lilo a kai ba mai tsawatarwa, sai ranar da ya tsaya cak za'a fara bi gida-gida karo-karo, wannan ya ce bashi da shi, wancan ya ce ai wancan karon ma an ci kuɗin, a yi wata uku ana jayayya mata na rafi.

In ka ce a dinga tara wani abu sai a ce maka haba, ruwan sadaka za'a sayar? Na fahimci masu wannan magana kuma niyyarsu mai kyau ce, amma ina roƙon malamanmu su taimaka su yi bayani a mumbari. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya saya a Madina ya bar wa al'umma, har yau ana cin amfanin waƙafinta saboda an samu masu kula da shi. Bawan Allahn nan da ya yi wa mahaifiyarsa bohol ya kashe kuɗinsa da zuciya ɗaya, yana can birni yana zaton kullum ana sha ana yi mata addu'a, alhali shekara biyu kenan awaki ke kwana a kan daɓen. Da na buɗe shi, wallahi Malam Edita roba ce da rodi ɗaya da ya tsinke, kafin la'asar ruwa ya fito. Shekara biyu! Abin da ake tarawa ba kuɗin ruwa bane, kuɗin roba ne da giris da man babur ɗin mai gyara.

Akwai wani ƙauye da nake zuwa duk wata uku ko an kira ni ko ba'a kira ba, haka muka yi yarjejeniya. Fanfonsu ya haura shekara 10 bai taɓa kwana uku a mace ba. Kwamiti ne na mutum bakwai, huɗu mata, ma'ajin ma mace ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli, kowane gida na bada abu kaɗan duk wata, wanda bashi da kuɗi ya bada hatsi da kaka, marayu da tsofaffi an yafe musu, Fulanin da ke zuwa da shanu akwai nasu tsarin da aka zauna da arɗo aka yanke. Duk Juma'ar ƙarshen wata in an sakko daga masallaci ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa da rasit, wannan karantawar ce ta kashe zargi. Robobi da boris suna ajiye a kwalla tun kafin a buƙace su, ana kulle fanfo da dare, ruwan da ya zube kuma an yi masa magudana zuwa wani ɗan lambu maimakon ya kwanta ya zama gidan sauro. Na lura duk inda mata ke riƙe da kuɗin, fanfo ya fi daɗewa, don in ya mutu su da 'ya'yansu ne zasu ɗauki jarka. Shi kuma babban bohol mai sola da tanki ya fi ƙarfin kwamitin sa-kai, nan ya kamata mu duba yadda 'yan uwanmu na Nijar ke yi a garuruwa da dama, ƙaramar hukuma ta danƙa wa ɗan kasuwa da yarjejeniya a rubuce, a sa mita, a yanke farashi, a ware wani kaso na sayen sabon inji.

Mutanen birni kuma kar su ga kamar maganar ƙauye ce. Ruwan Tamburawa da Challawa baya isar Kano, kowa ya samu hali sai ya kira motar haƙa, layi ɗaya bohol goma, rijiyoyin gidajen talakawa sun ƙafe, mai kuɗi ya ƙara zurfi mara shi ya koma wajen 'yan garuwa. Ruwan ƙasa tukunya ɗaya ce. A Borno akwai rijiyoyin da a da ruwa ke tsartuwa da kansa ba inji, aka bar su suna zuba dare da rana shekara da shekaru har ƙarfin ya ragu.

A Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, toh ni dai roƙona ga 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi, kafin a saka sabon bohol a kasafi a fara zagawa a ƙirga matattun da ke mazaɓar a ware masu gyaruwa, kuɗin sabo ɗaya zai tayar da tsofaffi da yawa. Masu hali da ke son yin sadaka, Allah ya saka muku, amma ku tuntuɓi hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, wato RUWASSA, ta jiharku ko wani masani kafin ku kira mai haƙa, ku karɓi takardar aikin ku bar wa mai unguwa kwafi, ku riƙe wani ɓangare na kuɗin ɗan kwangila sai bohol ya tsallake bazara ɗaya, kuma ku dinga leƙawa ko da waya ce. Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, kuna zuwa ranar buɗewa ku ɗauki hoton manya suna kurɓa, don Allah ku dinga komawa bayan shekara a watan Afrilu ku buga abin da kuka tarar.

Garin can dai yanzu biyu ke aiki, sun kafa kwamiti, mata uku a ciki. Na aikin mazaɓar na gaya musu gaskiya ba gyara, ramin ne ba ruwa. Mai solar kuma mun yanke za'a cire ƙonannen sumo a sa masa tuƙa-tuƙa, suna tara kuɗin, dagaci ya ce da an cire amfanin gona zasu kira ni.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai gyaran fanfo daga kudancin Kano